Daga Tabotaki Zuwa Abijan: Ta Ina Muryar Yarinyar Ta Bi?

 Shirin namu na yau na iyaye ne da malaman makaranta, amma yaran da ke kusa da akwatin rediyo su ma su matso, don tambayar da za a amsa tasu ce.

A ɗauka yammaci ne a Tabotaki, cikin gundumar Buza, an sauko daga sallar la'asar. Wata yarinya ƴar aji biyar ta karɓi wayar innarta, ta zaga bayan gida, ta hau ɗan tudun nan da kowa a unguwa ya san a nan ne rezo ke kamawa. Ta danna alamar makirfo ta riƙe. "Baba, ina wuni? Inna tana gaishe ka. An yi ruwa shekaranjiya, hatsi ya tashi. Ta ce kar ka manta da kuɗin taki." Ta saki yatsa. Wani ɗan agogo ya fito a gefen saƙon, sai ya rikiɗe ya zama ƴar alama irin wadda malami ke yi wa amsar da ta yi daidai. Can kuma alamar ta zama biyu. Uban yana Abijan, inda Adarawa da yawa ke zuwa bida, kuma kafin yarinyar ta gama saukowa daga tudun, wayarsa ta riga ta yi ƙara a aljihu.

Da ta shiga gida sai ta tambaya: "Inna, wai ta ina maganata ta bi?"

Amsoshin da manya suka saba bayarwa guda uku ne. Wani ya ce iska ce ta ɗauke ta. Wani ya nuna sama ya ce tauraron ɗan Adam. Wanda ya gaji kuwa ya ce aikin Nasara ne, a bar shi haka nan. Ta ukun ita ce mafi muni, domin tana rufe bakin yaro ne kawai, tana kuma koya masa cewa akwai ilimin da ba nasa ba ne. Ta farkon tana da ƙamshin gaskiya, amma kaɗan. Iska ƴar rakiya ce. Tana raka saƙon ƴan kilomitoci ta juyo. Ragowar tafiyar, mai dubban kilomita, a cikin ƙasa ake yin ta da ƙarƙashin teku, cikin igiyoyin da mutane suka haƙa rami suka binne, ko suka ɗauka a jirgin ruwa suka shimfiɗa. Fiye da kashi 95 cikin 100 na bayanan da ke ƙetarawa daga nahiya zuwa nahiya ta igiyoyin ƙarƙashin teku suke bi. Duk wannan kuwa ana iya nuna wa yaro shi da abin da ke cikin gida: cocila, gorar ruwa, takarda da almakashi.

Abu na farko da yaro zai sani shi ne, muryar ba ta bar wayar a matsayin murya ba. Wayar tana sauraren sautin, tana auna shi sau dubbai a cikin daƙiƙa guda, tana rubuta kowane awo da lamba. Lambobin kuma da alamomi biyu kacal ake rubuta su, sifili da ɗaya. Harafin A babba, alal misali, ga yadda yake a cikin na'ura: 01000001. Hoto ma haka, bidiyon biki ma haka, wa'azi ma haka.

Da dare ana iya gwada wannan a tsakar gida. A ba yaro cocila ya tsaya bakin zaure, ƙanensa ya tsaya bakin rumbu. A yi yarjejeniya: duk tafi ɗaya da inna ta yi, in cocila na kunne ɗaya ke nan, in tana kashe sifili ne. Sai su ƙirƙiro nasu harshen, su ce kunne-kashe-kunne yana nufin "kawo ruwa", kashe-kashe-kunne yana nufin "akuya ta kwance". Ba za a jima ba yaran za su gano da kansu cewa in tafin ya yi sauri mai karɓa yana rikicewa, in kuma wani ya gifta tsakaninsu saƙo ya lalace. Matsalolin da injiniyoyi ke kwana a kansu ke nan, babu ragi.

Sai batun yadda ake ɗaure kayan. A nan mutumin Adar ba ya bukatar dogon bayani, don ya san albasa. Manomin da ya kai amfaninsa Madawa ko Galmi ba ya tura albasar gonarsa a dunƙule zuwa Abijan ko Akara. Buhu-buhu ake ɗurawa, a rubuta wa kowane buhu alamar mai shi, a loda. Wani buhun ya shiga motar yau, wani ta gobe. Wata motar ta lalace a hanya, wadda ta taso bayanta ta riga ta isa. A can kasuwa mai karɓa zai ƙirga, ya ga alama, ya haɗa kayan wuri ɗaya, in buhu ɗaya ya yi ɓatan dabo ya buga waya ya ce bai gani ba. Intanet haka take yi da saƙo. Tana yayyanka shi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ba ya wuce nauyin haruffa kamar 1,500, a goshinsa an rubuta lambar inda ya fito, da lambar inda za shi, da matsayinsa a layi. Ke nan ɗan hoton da nauyinsa ya kai na haruffa 150,000 zai tashi a ƙunshi wajen 100. A kowace mahaɗar hanya akwai na'urar da aikinta ya yi kama da na ɗan kamasho a tasha: ba ruwanta da abin da ke cikin kaya, ta dubi goshi kawai ta ce wannan ya bi nan.

Malamin makaranta zai iya mai da filin wasa ya zama intanet cikin minti goma. Ya rubuta maganar yarinyar a takarda, "An yi ruwa shekaranjiya hatsi ya tashi", ya yanka ta kalma-kalma, guda bakwai, ya sa wa kowace lamba. Ya tsayar da yara a warwatse, ya raɗa musu sunayen garuruwa: wannan Madawa, wannan Ƙonni, ga Dosso, ga Gaya, ga Kwatano, ta ɗaya gefen ga Maraɗi, Damagaram, Magarya, Kano, Legas, can ƙarshen fili kuma Abijan. Doka ɗaya ce: ba mai barin inda yake, kowa maƙwabcinsa kawai zai miƙa wa. Takardun za su isa a hargitse, ta shida ta riga ta biyu, sai Abijan ya jera su da lamba ya karanta da ƙarfi. A zagaye na biyu malam ya faki ido ya soke ta huɗu a aljihu. Abijan zai yi ta dube-dube, ƙarshe ya ɗaga murya, "Mushe, ban ga ta huɗu ba!" Sai a sake aiko masa. A zagaye na uku malam ya ce wa Gaya ya zauna ƙasa, an yanke shi. Nan ake jin daɗin wasan, domin ba a gaya wa yaran abin da za su yi ba, amma za a ga Ƙonni ya juya ya miƙa wa Madawa, takardu sun kama hanyar gabas. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Dokokin wannan wasa suna da masu su. Wasu masana biyu ƴan Amurka, Vint Cerf da Bob Kahn, su suka wallafa tsarin a 1974, aka kuma fara aiki da shi gadan-gadan ranar 1 ga Janairun 1983. Yara kan yi dariya in aka ba su labarin saƙon farko da aka taɓa turawa tsakanin kwamfutoci biyu a hanyar sadarwar da ta zama kakar intanet, ranar 29 ga Oktoban 1969, daga wata jami'a a Los Anjalas zuwa wata cibiyar bincike a arewacin jihar Kalifoniya. Ɗalibin da ke bugawa ya samu ya tura haruffa biyu, L da O, sai na'urar ta tsaya cak. Ashe ɗaukewar rezo ba a Tabotaki aka fara ta ba.

To me ya kai yarinyar kan tudu? Daga waya zuwa dogon ƙarfen eriya, ƙunsoshin nan a kan igiyar rediyo suke hawa, ƴar uwar wadda ke kawo wannan shiri cikin akwati. Bambancin shi ne, gidan rediyo yana magana ne kowa na saurare, ita kuwa waya sai ta ji eriya, eriya ma ta ji ta. Muryar waya kuma ƙarama ce, batirinta ɗan mitsitsi. Ƙasar Adar ga ta da tuddai masu duwatsu da kwaruruka, daga Keita har kwarin Majiya, kuma dutse ba ya barin irin wannan igiya ta ratsa shi yadda ya kamata. Gidan da ke cikin kwari yana cikin inuwar tudu ne, kamar yadda rana ke faɗuwa a can tun ba ta faɗi a sama ba. Hawa tudu fita ce daga inuwar. Ƴan sandunan da ke saman fuskar waya, waɗanda ake cewa rezo ya cika ko ya ragu, ƙarfin wannan gajeren zango kawai suke aunawa. Shi ya sa wani lokaci za a ga sanduna sun cika fal amma saƙo ya ƙi tafiya: matsalar tana gaba.

Ranar kasuwa, in an bi ta kusa da eriya, yana da kyau a tsaya da yaro ya ɗaga kai ya duba, daga bayan shinge. Zai ga dogayen allunan nan farare a can ƙoli, suna fuskantar sassa daban-daban. Su ne ke magana da wayoyin mutane. Ƙasa da su zai ga wani abu mai kama da ganga ko faifai, ya juya fuska gefe guda kamar mai hangen wani. Hangen kuwa yake yi. Yana kallon ɗan uwansa da ke kan wata eriyar mai nisan kilomitoci, su biyun suna jefa wa juna saƙo a miƙe, daga wannan zuwa wancan, har a kai inda igiya take. A gindin ƙarfen kuma akwai akwatunan na'urori, da batura, da faifan sola ko injin gazuwal. Eriya ma ciki gare ta. In ba wuta, ba magana. Kamfanonin da ke da layuka a Nijar, wato Airtel da Moov Africa da Zamani Telecom da Niger Telecoms, babban abin da ke cin kuɗinsu a karkara ke nan: ciyar da ƙarfen da ke tsaye a inda wutar NIGELEC ba ta kai ba.

Daga nan saƙon yarinyar ya yi sallama da iska, ya shiga ƙasa.

Duk wanda ya bi babbar hanya mai lamba 1, wadda ta ratsa Madawa da Birnin Ƙonni da Dogondutsi da Dosso zuwa Yamai, ya yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da igiyar da ba ya gani. Tana kwance a rami a gefen hanya, ta yi gabas zuwa Maraɗi da Damagaram, wani reshe kuma ya tashi daga Ƙonni ya nufi Tawa. Masu aikin suna ce mata fiba. A cikinta zare ne na gilashi, tsarkakakke fiye da kowane gilashin taga, siririn gaske: in an tuɓe musu rigar roba aka jera guda takwas gefe da gefe, sai su cika milimita ɗaya. Kaurin gashin kai ke nan, kusan. A bakin zaren akwai wata ƴar fitila da ke yin abin da yaron nan ya yi da cocila, sai dai ita tana ƙiftawa sau biliyoyi a daƙiƙa. Hasken yana gudu cikin gilashin da saurin kilomita kusan 200,000 a daƙiƙa guda. Daga Madawa zuwa Yamai, tafiyar da ke cinye wa motar fasinja yini, haske ya gama ta tun ido bai fara ƙiftawa ba.

Yaro mai wayo zai ce, ai haske a miƙe yake tafiya, hanya kuwa tana da kwana. Madalla da wannan tambaya, kuma amsarta tana cikin gorar ruwa. A samo gorar roba mai haske, a huda ta kusa da gindi da ƙusa mai zafi, a toshe hujin da yatsa, a cika ta. A shiga ɗaki mai duhu, a naɗe gorar da baƙin ƙyalle a bar wuri biyu kawai, wajen hujin da kuma daidai bayansa. A dafa cocila mai ƙarfi a bayan, a saki yatsa. Ruwan zai fito ya lanƙwasa ya nufi ƙasa, in yaro ya tara tafin hannunsa a inda yake zuba, zai ga ɗigon haske a tafin. Hasken ya bi ruwan ya sha kwana, domin duk lokacin da ya zo fita sai bangon ruwan ya maido shi ciki. Wani masani a Janeba mai suna Daniel Colladon ya nuna wannan tun farkon shekarun 1840, mutane suka ɗauke shi abin kallo. Sai a 1966 Charles Kao, haifaffen Shanghai da ke aiki a Ingila, shi da abokin aikinsa suka nuna cewa in aka tace gilashi sosai zai iya ɗaukar haske zuwa nesa. An ba shi kyautar Nobel a 2009, bayan shekara 43.

Wani abu da ya kamata manya ma su ji: babu jan ƙarfe a cikin zaren fiba. Wanda ya tone ta don ya sayar ya yi wahalar banza, ya kuma kashe wa garuruwa magana. Galibi ma ba ɓarawo ke yanke ta ba; mai haƙa ne da bai sani ba, ko katafilar gyaran hanya, ko ruwan kwari da ya ci gefen titi da damina.

Yanzu ga inda darasin kimiyya ke komawa darasin labarin ƙasa. Nijar ba ta da teku. Yadda buhun shinkafa da kwantenar kaya ke sauka a tashar jirgin ruwan wata ƙasa kafin su hau mota, haka intanet ma take shigowa ta ƙofar maƙwabta. Tsohuwar ƙofa ita ce ta kudu: daga Dosso a gangara Gaya, a ƙetare kogin Kwara zuwa Malanbil, a ratsa ƙasar Benin tun daga arewa har Kwatano, tafiyar kilomita wajen 1,000 in an taso daga Yamai. A bakin tekun Kwatano akwai ginin da igiyar tudu ke haɗuwa da ta ruwa. Nan igiyar SAT-3 ta sauka, wadda ta fara aiki a 2002, ta taso daga Fotugal ta bi gaɓar Afirka tana yada zango a Dakar da Abijan da Akara da Kwatano da Legas har Afirka ta Kudu. A ƙarshen watan Yulin 2009 igiyar nan ta samu matsala a ɓangaren Benin, sai Nijar da Togo suka wayi gari intanet ta ɗauke musu kusan gaba ɗaya. Mai ƙofa ɗaya, in ta rufe, a waje zai kwana.

Daga baya ƙofofi sun ƙaru. A 2010 wata injiniya ƴar Najeriya, Funke Opeke, ta jagoranci shimfiɗa MainOne, kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Legas. A ƙarshen 2012 aka buɗe ACE, wadda ta taso daga Faransa, tsawonta ya kai kilomita 17,000 bayan an kammala ta, aka kuma tsara ta da nufin ƙasashe marasa teku irin su Nijar da Mali su jona ta tudu. A 2022 igiyar kamfanin Google ta sauka Lome da Legas. Sunanta Equiano, sunan wani mutum da aka sace yana yaro daga yankin da yake Najeriya a yau, aka sayar da shi bawa, ya fanshi kansa, ya rubuta tarihin rayuwarsa. Tekun da aka ƙetare da shi a ɗaure, yau igiya mai sunansa ce kwance a ƙarƙashinsa.

Yara kan zaci igiyar teku wata ƙatuwar aba ce kamar gangar mai. A can cikin zurfi kaurinta bai fi na tiyon ban ruwan lambu ba. Zaren gilashin na tsakiya, an kewaye shi da wayoyin ƙarfe don ƙarfi, da jan ƙarfe mai kai wuta, da roba mai hana ruwa shiga. Kusa da gaɓa, inda jiragen kamun kifi da ƙugiyoyin manyan jirage ke yawan kai mata, a nan ake ƙara mata sulke a kuma binne ta. Haske yana gajiya a tafiya, don haka bayan kowane kilomita 60 zuwa 100 akwai na'urar da ke ƙara masa ƙarfi, kamar zangon da ayarin gishirin Bilma ke shayar da raƙuma. In za a yi lissafi a allo, a raba 17,000 da 200,000: haske zai ratsa ACE daga wannan baki zuwa wancan cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa.

Abin da zai ba yarinyar mamaki shi ne, saƙonta bai miƙe zuwa Abijan kai tsaye ba. Sai da ya fara zuwa gidan ajiya. Kamfanin Meta, mai WhatsApp da Facebook, yana da manyan rumbunan kwamfutoci a Amurka da Turai, gine-gine masu girman filayen ƙwallo, cike da na'urori jere a kan kanta, suna fitar da zafi dare da rana. Ɗaya daga cikinsu yana garin Lulea a arewacin Suwidin, an buɗe shi a 2013, an kuma zaɓi wurin ne har da dalilin sanyinsa. Abin da ake kira gajimare a harshen masu kwamfuta, to ga shi nan: gini ne da siminti, da mai gadi, da takardar kuɗin wuta. Alama ɗaya a gefen saƙo na nufin ya isa irin wannan rumbu. Alama biyu na nufin ya fito ya sauka a wayar baba. In wayar baban a kashe take, rumbun zai riƙe saƙon har kwana 30 yana jira. Tun 2016 kuma saƙonnin WhatsApp a kulle suke tafiya, mabuɗin yana wayoyin biyu kaɗai, don haka duk ƴan kamashon da ke hanya buhu suke gani, ba sa ganin albasa. Kullewar dai ba ta hana wanda aka aika wa ya tura wa duniya, kuma wannan ma abin gaya wa yaro ne tun da wuri.

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, ana cikin kwanakin farko na azumi, sai aka yi kamar a wasan nan malam ya ce wa yara huɗu su zauna a lokaci guda. Igiyoyi huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a tekun da ke gaban Abijan. Intanet ta yi rauni ko ta ɗauke a ƙasashe fiye da goma, daga Laberiya da Kodebuwa da Gana da Benin zuwa Najeriya da Burkina Faso da Nijar, bankuna suka tsaya, masu jiran kuɗin cefanen azumi daga ƴan bida suka yi ta duba waya. Kamfanin MainOne ya ce inda tasa igiyar ta tsinke zurfinsa ya kai kilomita 3, wurin da ƙugiyar tsayar da jirgi ba ta kaiwa, aka fi kyautata zaton ƙasa ce ta zaftare a ƙarƙashin ruwa. A gaban Abijan kuwa akwai wani kwazazzabo a cikin teku da ake kira Trou sans Fond, wato rami marar gindi. Mutumin Buza da ya ga yadda ruwa ɗaya ke cinye gefen kwari ya tafi da gona, ya fahimci abin ba sai an yi masa zane ba.

Equiano ba ta tsinke ba, sai kamfanoni suka yi ta karkatar da kaya zuwa gare ta da sauran hanyoyin da suka tsira. Gyaran kuwa sai da jiragen ruwa na musamman suka zo, cikinsu har da Léon Thévenin da ya taso daga Afirka ta Kudu. Aikin nasu kamar na mai ciro guga ne daga rijiya: a jefa ƙugiya, a ja ta a ƙasan teku har ta kamo igiyar, a ɗago baki ɗaya a ɗaure shi da abin da ke yawo a saman ruwa, a nemo ɗayan, a kawo sabon gutsure, sannan ma'aikaci ya zauna a cikin jirgi yana haɗa zaren gilashi ɗaya bayan ɗaya da na'ura, teku na jijjiga shi. An kwashe makonni, ta ƙarshe ma sai da ta kusa wata biyu.

Saboda irin wannan rana ne Nijar ke neman ƙarin ƙofofi. Aikin igiyar da ta ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya sa wa kuɗi, ya shimfiɗa fiye da kilomita 1,000 a cikin ƙasar: daga Arlit zuwa Assamaka a iyakar Aljeriya, daga Diffa ta Ngigmi zuwa iyakar Cadi, daga Damagaram ta Magarya zuwa iyakar Najeriya, sai na Yamai zuwa iyakokin Benin da Burkina Faso. Reshen arewa ya kama hanyar Bahar Rum, inda ayarin fatake ya daɗe yana dosa tun kafin a san mota.

Shi kuma wanda ya nuna sama ya ce tauraro, ba a ce ya yi ƙarya ɗungurungum ba. Akwai taurarin da ke tsaye a nisan kilomita kusan 36,000, irin waɗanda ke kawo tashoshin talabijin ta faranti, sai dai hawa da sauka kaɗai yana cin rubu'in daƙiƙa, shi ya sa masu hira ta irin wannan hanya ke yawan katse juna. Na Starlink, da suka fara aiki a Nijar a watan Maris 2025, suna shawagi ne a wajen kilomita 550, kuma suna da amfani ƙwarai ga rugar da igiya ba za ta kai ba nan kusa. Amma su ma abin da suka ɗauka sai sun sauke shi a wata tasha a doron ƙasa, tashar kuma a jone take da fiba.

A can Abijan, baban ya goge hannu, ya kara wayar a kunne, ya saurara sau biyu. Sannan ya danna ya riƙe: "Lafiya lau ƴata. Ki ce wa innarki ranar Juma'a in sha Allah. Ki kuma dage da karatu." Wayarsa ta yayyanka maganar, ta sa wa kowane ƙunshi lamba, ta miƙa wa eriyar unguwarsu. Ba lalle ne su bi hanyar da na ƴarsa suka biyo ba, ba lalle ne ma su bi hanya ɗaya su duka ba. A Tabotaki an kira magariba, wayar tana cikin ɗaki a kan tabarma, cikin inuwar tudu. Saƙon yana rumbu da alama ɗaya, sai gobe da safe in yarinyar ta hau.